Fiyanon da Ya Sha Turaren Ammi

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu na unguwar Wulari a Maiduguri da gidan da Oga yake haya, ita ma sunanta kawai katanga: in ya yi atishawa a ɗakinsa, mu ne muke ce masa sannu daga tsakar gidanmu. Oga nake kiransa tun ina saurayi, har yanzu da furfura ta cinye mini gemu ban sauya ba. Mutumin kudu maso gabas ne, Kirista, dogo siriri, yana da shagon kayan wuta a kasuwa, ƙwan fitila da waya da soket. Da shagon yake cin abinci. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ce maka kasuwanci ba, sai ya ɗaga yatsunsa ya kaɗa su a iska. Makaɗin fiyano ne, irin kiɗan da ake kira jaz.

Mu kuwa Shuwa ne. Kakanninmu makiyaya, ubana ya shigo gari ya zama dillalin shanu, ni ma na gaje shi. Abu mai haƙora da muka san taɓawa shi ne bakin saniya, mu buɗe mu ga shekarunta. Ran da na fara leƙa ɗakin Oga na ga wani baƙin akwati ya kai mini ƙirji, ya wangale baki da haƙora farare da baƙaƙe a jere, sai na ce masa wannan ai ta wuce yanka, a bar ta ta mutu don kanta. Ya yi dariya har da tari. Daga nan muka zama abokai, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba.

Tarihinsa a bakin shayi na tsince shi, guntu-guntu. Ubansa malamin coci ne a wani ƙauye, suna da ɗan abin kiɗa wanda ake taka masa iska da ƙafa, a nan ya koyi ɗora yatsa. Da ya tasa sai ya gudu Legas ya shiga cikin makaɗan otal, a can ya ji jaz a faifan garmaho da ma'aikatan jirgin ruwa ke shigowa da shi. Ya ce mini ran da ya fara ji ya manta bai ci abinci ba. Ni dai in na dubi jikinsa sai in ce har yau bai tuna ba. Daga baya suka haɗa ƙungiya suka hau jirgin ƙasa suna bin garuruwan arewa, su yi kiɗa nan su kwana can, har dogo ya ƙare musu a Maiduguri. Cikin bazara suka sauka. Mai busa ƙaho ya rantse ƙahonsa ya fara narkewa a hannunsa, ya koma jirgin da ya kawo shi, sauran suka rufa masa baya. Oga ya tsaya, don ya hangi fiyano a wani otal an ɗora masa tukunyar fulawa a ka, ba wanda ya iya shi a wurin.

Shekaru ya yi yana kaɗa shi duk yammacin Asabar, malaman jami'a da ma'aikatan banki su zauna ƙarƙashin fanka suna gyaɗa kai kamar sun gane. Har Njamena aka riƙa ɗaukarsa. Da otal ɗin ya sauya hannu, sabon mai shi ya ce akwatin ya tare masa wurin teburi, a fitar masa da shi. Oga ya kawo shi gida a amalanke, yana tafe a gefe yana dafe da shi kamar mai rakiyar amarya.

Na taɓa ce masa, “Oga, wai kai ba ka iya kaɗa waƙa ɗaya iri ɗaya ba ne? Jiya ta nan ka bi, yau ta can.”

Ya ce, “Alhaji Dillali, in za ka sayar da sa, kai da mai saye ba kun san inda za ku tsaya ba tun farko?”

“Mun sani mana.”

“To me ya sa kuke zagaye-zagaye, ka yi fushi ka tafi, ya jawo maka riga, ku tambayi lafiyar iyali, ku dawo?”

Na ce, “Ai a nan daɗin yake.”

Ya ce, “To, jaz ke nan.”

Tun daga ranar nake gaya wa mutane ni ma makaɗi ne, kayan aiki ne kawai ban samu ba.

Mahaifiyata, Ammi muke ce mata, ba ta taɓa yarda tana sauraronsa ba. In an yi magana sai ta ce ita ba ruwanta da kiɗe-kiɗe. Amma da an yi la'asar, Oga ya dawo kasuwa ya zauna gaban fiyanonsa, sai ka ga ta ja tabarma zuwa gindin katangar da carbinta, wai inuwa take bi, alhali inuwar dalbejiyarmu tana can ɗaya gefen. In ta ji shiru ya yi yawa, sai ta zuba burabusko a kwano ta ce a miƙa masa, a duba ko lafiya. Shi yana kiranta Mama, ita tana kiransa Makaɗi.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda duk ɗan Maiduguri ya sani, ba sai na tona ba. Otal-otal suka daina kiɗa, kasuwa ta koma a buɗe da ɗari-ɗari a rufe da gudu. Matar Oga ta riga ta rasu, 'ya'yansa duk suna kudu, suka dame shi da waya ya taho gida. Ya ja musu har ya gaji. Motar da ya samu jaka ɗaya aka yarda ya ɗauka, fiyanon kuwa sai dai a bar shi gidanmu.

Na ɗebo ƙarti daga kasuwar shanu, irin waɗanda ɗayansu ke kayar da bijimi shi kaɗai yana taunar goro. Kafin su shigar da fiyanon falon Ammi kowa ya kira sunan uwarsa, ɗaya ya tambaye ni ko gawar giwa muka ɓoye a ciki. Da aka jingine shi da bango, Oga ya durƙusa gaban Ammi.

Ya ce, “Mama, ba ni da gona, ba ni da gida. Wannan kaɗai na tara a duniya. In na dawo na tarar yana magana, to ban rasa komai ba a garin nan.”

Ta ce, “Makaɗi, amana ka ba ni?”

“Amana ce, Mama.”

“To tashi ka tafi. Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba.”

Kafin ya fita ya ja ni gefe, ya cire wani murfi a ƙasan fiyanon, wajen da ƙafar mai kiɗa ke zama. A ciki akwai tasar silba da ruwa. Ya ce mini rani ne maƙiyin akwatin nan, kada a bar tasar ta bushe, katakon ciki yana shan laimar ruwan a hankali. Na isar wa Ammi da saƙon kamar yadda aka ba ni, ta ce ta ji. Ni kuwa a lokacin rabin rayuwata a bayan tirelar shanu take, in tafi kudu in dawo in sake tafiya.

Abin da ta fara yi, ta lulluɓe shi da lafayarta mafi kyau, ta jera kumbunan aurenta a kansa. Lokacin ba alheri ba ne a ga kayan kiɗa a gidan mutum, to duk wanda ya shigo sai ya ɗauka kabad ɗin tsohuwa ne. Wata maƙwabciya da ta gane ta fara 'yan maganganu, Ammi ta ce mata ita amana aka ba ta, ba a ce ta yi rawa ba. Maganar ta mutu nan.

Wata dawowa da na yi, na buɗe murfin ƙasa in ƙara ruwa, sai na ga ba tasa. A wurinta toka ce.

Na ce, “Ammi, ina tasar da ke cikin nan?”

“Na cire. Kaji ke shan ruwa a ciki.”

“Ai Oga cewa ya yi…”

Ta katse ni da kiran da take mini da Larabcinmu, wato ɗana. Ta ce, “Wiledi, a ina ka taɓa ganin an ajiye ruwa cikin katako? So kake in aika wa gara goron gayyata? Shi namiji ne, kiɗa ya sani, bai san ajiya ba. Ɗaga kai ka dubi ƙoren can.”

Na ɗaga kai. Ƙoren nonon da ta gada wurin uwarta suna rataye a ragarsu, sun girme ni, ba wadda ta tsage ko ƙwaro ya huda. A wurin makiyaya hayaƙi ne maganin ƙwarya: a kifa ta kan garwashi ta sha, sai ta yi shekaru. Abin da Ammi ta sani ke nan tun tana yarinya a ruga. Sai dai ba za ta yi wa amanar mutum hayaƙin itace kamar ƙwarya ba. Mu a Borno baƙo mai daraja da turaren wuta ake karrama shi, kuma a idonta akwatin nan baƙo ne.

Akwai wata mata a unguwar Shehuri da ke haɗa turaren da sai amaren manya ake saya wa, nata Ammi ke aikawa a sayo. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta tura kaskon cikin fiyanon ta ɓangaren hagu, wanda ya fi kusa da wurin zamanta, ta mayar da murfi ya turaru kamar kaya a kabbasa. Da fari ran Juma'a kawai take yi. Da ta ga ba wanda ya hana ta, sai ya zama safe da yamma. Jikinsa kuma ta riƙa shafe shi da humra har yana ɗaukar ido. Wallahi akwatin nan ya sha turaren da amaren unguwa guda ba su sha ba. In na gifta ta kusa da shi da safe, sai in isa kasuwa shanu su riƙa bina suna shinshina, matata kuma ta fara tambayata daga gidan wa nake.

Na so in tambayi mai shi, amma lokacin an yanke layin waya a gari, da aka maido kuma lambarsa ta daina shiga. Ga shi in ka dubi akwatin yana ƙyalli, ka shaƙi ƙamshi, sai ka ce Ammi ce da gaskiya. Ba ta barin kowa ya ɗaga murfin haƙoran, balle mu ji abin da ke faruwa a ciki. Haka shekaru suka yi ta wucewa, gari ya lafa, jikokinta suka girma suna ɗauka kowane gida yana da kabad da ake gaisarwa.

Wata safiya cikin bazara ina shirin fita, sai ga keke ya tsaya ƙofar gida. Wani tsoho ya sauko da jaka, kansa fari fat, ya tsaya yana kallon gidan da ya zauna a da, inda yanzu wasu ne a ciki. Sai da ya ce, “Alhaji Dillali, har yanzu kana cutar mutane da tsofaffin shanu?” sannan na gane shi. Na rungume shi, na ji kamar na rungumi rake.

Ammi ta fito tana masa sannu irin ta Borno, “Wushe, wushe, Makaɗi!” har lafayarta na zamewa. Idonsa yana kan ƙofar falo, amma ta ce ba mai ganin komai sai an ci abinci. Aka zaunar da shi ya ci burabusko da miyar kuɓewa yana ba mu labari. Shagonsa ya tafi, ya sani. A kudu yana zaune wurin babban ɗansa, an ba shi ɗaki da talabijin, ba a rage shi da komai ba. Ya ce yatsunsa ne ke tashinsa daga barci suna motsi su kaɗai.

Da ya wanke hannu muka shiga. Ammi da kanta ta sauke kumbunan, ta janye lafayar, ta koma gefe tana jiran yabo. Ƙamshin da ya taso, da a ce ana gwangwaninsa da mun yi arziki. Oga ya shafa katakon, ya ce, “Mama, ko ran da aka ƙera shi bai yi wannan kyau ba.” Ya jawo kujera, ya ɗaga murfin, ya murza yatsunsa, ya ɗora.

Na sha jin kukan jaki, na ji ƙarar tirela ta faɗi da lodin langa-langa, amma ban taɓa jin su tare ba sai ranar. Wasu haƙoran in ya danna sai su yi ƙasa su ƙi dawowa. Wasu su ba da murya biyu masu faɗa da juna. Can hagu kuwa sai wani gurnani kamar sa mai mura. Kajin da ke shan ruwa a tasarsa suka watse. Oga ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

Ni na buɗe baki zan yi wasa, don ni in abu ya ɓaci wasa ke fara zuwa mini, sai Ammi ta riga ni.

Ta ce, “Wannan ba muryarsa ba ce.”

Oga ya ci gaba da kallon haƙoran.

“Makaɗi, da kai nake. Na san muryarsa. Me ya same shi?”

Oga ya tashi ya buɗe saman, ya buɗe ƙasan, ya haska da fitilar waya. Ya daɗe yana dubawa. Ya ciro wata 'yar sifana daga jakarsa ya ɗora kan ɗaya daga cikin ƙusoshin da ke riƙe da tsirkiyoyin, ya murɗa, ya saki. Ƙusar ta juya ta koma inda take, kamar haƙorin tsoho mai girgiɗa. Ya ga tokar, ya ga baƙin da kasko ya bari a katakon hagu. Ya dube ni, na dubi silin.

Ya ce, “Mama, ba gara, ba ɓera. Na ga fiyanon da aka rufe a coci na ɗan lokaci, aka buɗe aka tarar ɓeraye sun yi jikoki a ciki. Wannan ko zare ba a ci ba.”

“Ba wannan na tambaye ka ba.”

Ya ce, “Ya bushe, Mama. Ƙusoshin nan a cikin katako suke, in katakon ya bushe sai ramin ya buɗe, su kasa riƙe tsirkiya. Ruwan tasar shi ke hana haka. Wuta kuwa…” Bai ƙarasa ba.

Ta ce, “Ni na kashe shi ke nan.”

“Bai mutu ba tukuna.”

“Kada ka lallashe ni, ni ba yarinya ba ce. Zai tashi ko ba zai tashi ba?”

Ya ce, “Ban sani ba, Mama.”

Ta ɗauki lafayar ta ninke ta da kyau, ta shige ɗakinta. Daga ranar aka daina kunna turare a gidanmu gaba ɗaya. Wanda bai san Borno ba ba zai gane girman wannan ba. 'Yan uwa mata in sun zo sai su tsaya a zaure su shaƙi iska, su tambayi matata a hankali wa ya rasu.

Muka ba Oga ɗakin baƙi. Da yamma na same shi gindin dalbejiya na ce masa akwai irin na zamani a kasuwa, mai aiki da batir, wanda ake ɗauka a hammata, in kawo masa gobe. Ya ce, “Alhaji Dillali, in saniyarka ta kwanta ciwo, hoton saniya kake so a kawo maka?” Na ce a'a. Ya ce akwai dai hanya ɗaya: katakon ya sha laima sannu a hankali har ya kumbura ya sake kama ƙusoshin. Yana iya kamawa, yana iya tsagewa. Tasa kaɗai ba za ta isa ba yanzu, sai damina ta sauka. Ɗansa ya kira shi a waya ina zaune, na ji Oga yana ce masa da Hausa ya bari ya ga ƙarshen damina; in abin bai yi ba zai dawo, kuma ba zai sake maganar Maiduguri ba.

Ammi ta ji wannan ta taga. Washegari da sassafe na fito na same ta ta nufi falo da bokiti cike da ruwa, Oga na biye da ita da ɗan zanen wanka yana, “Mama! Mama, don Allah!”

Ta ce, “Ba ka ce ƙishirwa yake ji ba?”

“Ba a ɗura masa, Mama. Shaƙa yake yi.”

“To yaya ake yi? Faɗa mini ni, kada ka faɗa wa wancan.” Wancan ɗin ni ne.

Ya faɗa mata, ita kuma ba ta iya yin abu rabi ba. Aka ƙwace tasar daga wurin kaji aka wanke ta da toka. Aka ƙara mata wasu. Aka shigo da randuna biyu falo. Ta sa na aika Zabarmari wurin wani abokina manomin shinkafa ya turo buhunan algarara, ta riƙa jiƙa su tana ratayewa a tagogi da ƙofa, in sun bushe ta sake jiƙawa. Falon Ammi ya zama wuri mafi sanyi tsakanin nan da Tafkin Chadi. Na gwada shimfiɗa tabarma in yi ƙailula a ciki, ta ce in fita, numfashina na shanye wa mara lafiya laima.

Bazarar nan ta yi tsawo. Kullum da safe Oga ya ɗora sifana kan ƙusa ya murɗa, ya saki, ta koma. Ya ce, “Da saura.” Ammi ba ta tambaya, motsin kafaɗarsa take kallo. Da yamma ya zauna gaban fiyanon a rufe yana kaɗa yatsu a kan murfin, ba sauti sai ƙwas-ƙwas na farce, wai yana horar da su kada su manta hanya. Sun ɗan kumbura a gaɓoɓi, na lura, yakan tsaya ya murza su da man zafi. Ita kuwa ta koma duban gabas kamar lokacin da suke ruga, ta ce iskar yau da ɗan nauyi, ta ce tururuwa sun fara kwashe ƙwai. Ko ni da nake da shanu a turke suna jiran ciyawa ban ƙosa da ruwa kamar su biyun nan ba.

Ran da hadarin farko ya sako, mutane suna rufe tagogi, Ammi tana buɗe na falo. Ta ce a bar shi ya ji ƙamshin ƙasa.

Fiyanon bai tashi ranar ba, bai tashi a makon ba. Sai da ruwa ya zauna sosai, ƙofofin gida suka kumbura suna ƙin rufuwa, gishiri ya jiƙe a kwano. Wata safiya Oga ya murɗa ƙusa ya saki, ta tsaya. Ya ƙura mata ido kamar yana jiran ta yaudare shi. Ya gwada ta kusa da ita, ita ma ta tsaya. Sai ya naɗe hannun riga.

Nan muka shiga wata azabar. Ashe saita fiyano haƙori ɗaya ake dannawa, tin, tin, tin, a murɗa, a sake tin, tin, tin, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Maƙwabta suka fara zuwa ziyarar dangin da suka manta da su. Ni kaina na riƙa jin tin ɗin a kasuwa cikin kukan shanu. Ammi kaɗai ke zaune bakin ƙofa tana jan carbi, in ya dace da muryar da yake nema sai ka ga ta ɗan gyaɗa kai kafin shi ma ya gyaɗa.

Da ya gama bin su duka, ya kira mu ya faɗa mana abin da ya samu. Tsakiya ta kama. Dama ta kama, ban da 'yan haƙoran can ƙarshe. Hagu kuwa, inda kasko ya zauna, katakon ya tsage ta ciki, manyan tsirkiyoyin nan masu kauri ba za su sake riƙewa ba ko da za a jefa shi kogi.

Ammi ta ce, “Abin da ya rage zai ishe ka?”

Ya ce, “Sai na gwada.”

Bayan la'asar ne, an yi ruwa an ɗauke, dalbejiya na ɗiga. Ya sa farar riga, ya zauna. Da fari hannunsa na hagu ya riƙa tafiya can inda ya saba, ya taɓa wurin da ya mutu, ya dawo da sauri kamar wanda ya taɓa murhu. Ya tsaya, ya sake farawa. Sai ya jawo hagun zuwa tsakiya, ta matsu da damar, suna gogayya kamar ƙattin Alhazai biyu a bayan keke, wannan ya ɗaga wancan ya shige ta ƙasa. Ya ɗauko wata waƙa mai sanyi ya bi ta a miƙe sau ɗaya, yadda ko ni na gane ta. Daga nan ya sake ta ya fara zagaye. Inda da zai sauka ƙasa ya yi gurnani, yanzu sai ya yi shiru ya bar wurin a buɗe, ya buga ƙafa a ƙasa, ya ci gaba. Muryar ba ta da kaurin da, kuma duk haƙorin da ya danna sai wani ɗan tsohon ƙamshi ya fito tare da sautin. Matata ta fito daga kicin da muciya a hannu ta tsaya. Ni da ba na iya yin shiru ko a wurin gaisuwar mutuwa, ranar ban ce uffan ba.

Ya kai ƙarshe ya bar yatsunsa a kai har sautin ya ƙare don kansa. Bai juyo ba. Ya ce, “Mama?”

Ammi ta ajiye carbinta. Ta goge ido da bakin lafaya, ta ce, “Shi ne. Ya dishe, amma shi ne.”

“Ni ma ai na dishe, Mama.”

“Kai dama can ba ka da murya.”

Ya yi dariya, ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira ɗansa. Da yarensu suka fara, sai ya juya Hausa, ina jin don mu ji. Ya ce a haɗa masa sauran kayansa da maganinsa na hawan jini a ba direban mota, ɗakin kuma a ba yara su yi karatu a ciki. Muna jin muryar ɗan tana tashi ta cikin wayar, yana tambaya wa zai kula da shi, a ina zai zauna, me zai ci. Ammi ta ce, “Gaya masa mu ba mutane ba ne?”

Ana cikin haka sai muka ji tau! daga cikin akwatin, wata tsirkiya ta saki. Oga ya ce wa ɗan, “Sai anjima, ana kirana.” Ya miƙa mini wayar in kashe, ya ɗauki sifana.